Ɗanya da Abin Shan da Ake Samu Daga Gare Ta: Nazari Daga Ƙasar Yawuri

A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin nuna cewa ƙasar Yawuri, tun daga Shanga har zuwa Ngaski da gaɓar tafkin Kainji, tana da ɗan itacen da ya tsaya a matsayin farin inabin nan mai ƙamshi da ake kira Muskat, wanda mutanen ƙasashen Bahar Rum suka daɗe suna matsewa su yi giya da shi. Wannan ɗan itace kuwa shi ne ɗanya, wadda masana tsirrai ke kira Sclerocarya birrea.

Ya kamata tun farko mu kawar da wani ruɗani. Ɗanya ba dangin inabi ba ce; 'yar'uwar mangwaro ce da yazawa da faru. Dangin inabi na haƙiƙa a dajinmu shi ne dafara. Abin da ya haɗa ɗanya da Muskat shi ne ƙamshi da zaƙi da ɗan tsami, da kuma ruwa mai haske.

'Ya'yan ɗanya sukan faɗo ƙasa suna kore daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina, sa'an nan su nuna a ƙasa su zama rawaya. Idan aka matse su aka sha nan take, ruwa ne mai daɗi wanda ya fi lemo bitamin C. Idan kuwa aka bar shi a tulu kwana biyu ko uku, ƙwayoyin yis da ke jikin ɓawon sai su cinye sukarin su mayar da shi barasa. In aka ƙara jinkiri ya koma tsami zalla. Ke nan tsakanin abin sha na halal da mai sa maye, a nan, ba kome ba ne illa kwanaki. Giyar da aka fi sani a yankinmu dai ta dawa ce, wato burkutu.

A kudancin Afirka an ɗaukaka wannan itace ƙwarai. Daga gare shi ake yin Amarula a Afirka ta Kudu, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sanya bikin ɗanya na arewacin Namibiya cikin al'adun duniya abin kiyayewa.

Mu kuwa turmi da akushi da gawayi muke gani a jikinta. Abin da ya fi damun mu shi ne, ɗanya tana da mace da namiji, kowane a bishiyarsa. Namijin ba ya 'ya'ya, saboda haka shi manomi ke fara sa wa gatari idan zai share gona, alhali da garin furensa ƙudan zuma ke yi wa macen barbara. Inda aka ƙarar da mazan, matan da aka bari za su yi ta fure kowace shekara, amma abin da yara za su tsinta a gindinsu sai ya yi ta raguwa.