Mai Kiwon Kifi, Ruwa Ya Ke Kiwo

Daga Malamin Gona, Birnin Gwari

Ran wata Talata cikin watan Afrilu, ana idar da sallar asuba, wani dattijo ya yi mini sallama. Ko gaisuwa ba mu gama ba sai ya ce, "Malam, zo ka ga abin da ya same ni." Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ina fa lafiya, an zuba wa kifina guba."

Shi wannan dattijo yana cikin mutanen da fitinar 'yan bindiga ta raba da gonakinsu na bakin daji, ya dawo cikin gari da iyalinsa. Ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya gina tankin siminti a bayan gida, ƙafa goma tsawo, ƙafa goma faɗi, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa 1,000. Wata uku yana ɗawainiya da su. Da muka isa na tarar fiye da rabi sun juya ciki sama, ruwan kuwa ya yi baƙi, yana kumfa, yana wari.

Na tambaye shi yaushe rabonsa da sauya ruwa. Ya ce kwana takwas, don injin jan ruwansa ya lalace. Na ce abinci fa? Ya ce da ya ga sun rage ci sai ya ƙara musu da kayan cikin kaji, ko sha'awarsu ta dawo. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba wanda ya shigo gidanka. Ruwa ba ya tsami banza. Gubar nan cikin tankin aka haife ta."

Tun daga ran nan na ƙudura zan yi wa masu karatu bayanin wannan al'amari, gama masu irin wannan tanki suna ƙaruwa cikin garuruwanmu. Amma zan fara da labarin waɗansu mutane na nesa, waɗanda a ganina ba wanda ya fi su sanin tattalin ruwa, watau masu kiwon murjani.

Murjani Dabba Ne

Kowa ya san jan murjani da iyayenmu mata ke ado da shi, wanda fatake su kan kawo Kano ta hamada daga bakin Bahar Rum. Abin da ba kowa ya sani ba, murjani ba dutse ba ne, gini ne na waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu na teku. Kowace tana da baki guda kewaye da 'yan yatsu masu laushi, suna zaune dubbai wuri ɗaya, suna gina gidansu da irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da na katantanwa, kamar dai yadda gara ke gina suri.

Jan murjanin ado yana da 'yan'uwa da ke zaune cikin tekun ƙasashe masu zafi, inda ruwa ba zurfi, rana tana ratsawa. Su ne su ke gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa. Mafi girmansu yana gabas da Ostireliya, tsawonsa ya fi kilomita 2,000. Cikin jikin waɗannan akwai wata irin gansakuka wadda ido ba ya gani. Ita ke sarrafa hasken rana ta ciyar da murjani, shi kuwa ya ba ta masauki da taki. Zamansu ya yi kama da na manomi da makiyayi a da, sa'ad da shanu kan sauka a gona bayan girbi, su ci kara su bar taki, kowa ya amfana.

To, in zafin teku ya ɗara na kullum da digiri ɗaya tak, ya kuwa daɗe haka 'yan makonni, sai zaman nan ya ɓaci. Murjani ya kori gansakukar, ya yi fari fat, in abin bai sauya ba yunwa ta kashe shi. Haka ya faru ga murjanin Ostireliya a 1998, da 2016, da 2017, da kuma 2024.

Duk da wannan rashin jimiri nasa, akwai mutane a Turai da Amurka da Japan waɗanda ke kiwonsa da rai cikin akwatin gilashi a ɗakunansu. Sa'ad da mu ke makarantar koyon aikin gona wani malaminmu ya nuna mana su a majigi. Su kan haɗa ruwan teku da kansu, gishiri giram 35 cikin kowace lita, watau kusan kilo guda cikin jarka mai lita 25. Zafin ruwan ba su bari ya fita tsakanin digiri 24 da 27. Sabon akwati ba su sa masa kome sai ya yi makonni. Kowane mako su auna ruwan su rubuta, su kwashe kamar kashi ɗaya cikin goma su zuba sabo. Malamin ya ce mana, "Ku lura, waɗannan ba su cika taɓa murjanin ba. Ruwan su ke kiwo, murjani ya kiwata kansa."

Mu nan ba mu da teku, tarwaɗa kuwa ba ta son ruwan gishiri, ta kuma fi murjani jimiri nesa ba kusa ba. Amma jimirin nan nata shi ke ruɗin mutane. Da ya ke tana iya leƙowa ta shaƙi iska a sama, sai a ɗauka kowane ruwa ya ishe ta. Alhali dokar ɗaya ce, ko cikin gilashi ko cikin siminti: abin da ke tsare cikin ruwan da ba ya gudu, a nan ya ke ci, a nan ya ke kashi, a nan ya ke numfashi.

Inda Gubar Ta Ke Fitowa

Kifi yana fitar da wani sinadari da a ke kira amoniya, yawanci ta sunsumarsa. Shi ne warin nan mai hawa ka da a ke ji cikin akurkin kajin da ba a share ba. Abincin da ya kwanta ƙasa ya ruɓe shi ma amoniya ya ke zama. A kogin Mariga ruwa ya kan tafi da ita. A tanki kuwa ba ta da wurin zuwa, sai ta taru ta ƙona wa kifi sunsuma, ya bar cin abinci. Dafinta yana ƙaruwa in ruwa ya yi zafi, shi ya sa ɓarna ta fi yawa cikin Maris da Afrilu.

Akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama jikin bangon tanki, su ke juya amoniya ta zama abin da bai kai ta dafi ba. Amma su kan ɗauki makonni kafin su yawaita. Dalilin da ya sa mai murjani ba ya gaggawa ke nan, dalilin kuma da ya sa ba a wanke bangon tanki da sabulu ko omo.

Abu na biyu shi ne iskar shaƙa da ke narke cikin ruwa. Da rana gansakuka tana ƙara ta, da dare kuwa kifi da gansakuka da ruɓaɓɓen abinci duk shanta su ke yi. Saboda haka ta fi ƙaranci gab da asuba, lokacin da dattijon nan ya tarar da ɓarnarsa.

Asalin Ruwan

Mai murjani ba ya zuba ruwan da bai san asalinsa ba, gama ɗan kaɗan na tagulla ya isa ya hallaka masa dukiya. Mu ma sai mu duba namu. Ruwan famfo a kan sa masa kulorin don kashe cuta, shi kuwa yana kashe kifi, sai a tara shi a buɗe ya kwana ya wuni. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da iska sosai, sai a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama.

Ruwan rafi shi ya fi bukatar lura a ƙasarmu. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 kuma ya zama gandun dajin tarayya a 1999, shi da sauran kurmin da ke kewaye da mu su ke riƙe ƙasa. Inda aka sare itatuwa don gawayi, ruwan farko ya kan zo da laka mai toshe sunsumar kifi. Ga kuma maganin ciyawa da na ƙwari daga gonaki, da masu wanke injin feshi a bakin rafi, da masu su da magimfa ko da magani. Har wa yau ƙasarmu ƙasar zinariya ce, masu wanke ta kuwa suna aiki da zaiba. Kada mu manta gubar dalma daga wuraren haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ta sake kashe waɗansu a ƙasar Rafi ta jihar Neja, maƙwabtanmu, a 2015. Zaiba tana taruwa cikin naman kifi, ba ta fita da dafuwa ko banda. Ruwan da ya biyo ta mawanka zinariya kada ya shiga tankinka, ko da kyauta ne.

Abin Da Ya Kamata Ka Yi

Na farko, sabon siminti yana da kaifi kamar toka, yana saɓule fatar kifi. Cika tankin ka bar shi mako guda, ka zubar, ka goge da ruwa zalla, ka sake cikawa. Yi haka sau biyu ko uku. Sa'an nan ka gwada da kifi biyar, in sun kwana uku lafiya ka kawo saura.

Na biyu, kada ka cika yawa. Tanki irin na dattijon nan, in ruwa ya kai zurfin mita guda, lita 9,000 ya ke ci, watau jarka 360. Shawarata ga mai koyo kada ya wuce kifi 50 cikin kowace lita 1,000. Nasa 450 ya kamata ya ɗauka, ya zuba 1,000. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na uku, in ka kawo 'ya'yan kifi, kawo su da sassafe ko da yamma. Aje mazubinsu cikin tankin kamar rabin sa'a, kana ɗiban ruwan tanki kana ƙara musu kaɗan kaɗan, har su fita da kansu. Baƙin kifi kada ka haɗa su da na gida sai sun yi mako biyu a ware. Masu murjani ba su wasa da wannan.

Na huɗu, abinci da awo. Kifin da ya tasa, kashi uku cikin ɗari na nauyinsa ya ishe shi a yini, watau in kifinka duka sun kai kilo 100, kilo uku ke nan, a raba safe da yamma. Zuba kaɗan kaɗan kana tsaye, da sun yi sanyi ka tsaya. Ran da suka ƙi ci, kada ka ƙara, kada ka sake musu wani abinci. Ruwan za ka duba.

Na biyar, sauya ruwa a kai a kai, amma ba duka gaba ɗaya ba. Zare sulusi ko rabi ta ƙasa, inda dauɗa ke kwanciya, ka mayar da sabo a hankali. Suna ƙanana bayan kwana biyu ko uku, in sun girma kusan kullum. Wanda ba shi da tabbacin ruwa haka, ya rage yawan kifi tun farko. Kuma ka tanadi ruwan kwana biyu a ajiye saboda ranar da inji zai ƙi tashi.

Na shida, zafi da sanyi. Tarwaɗa ta fi girma tsakanin digiri 26 da 30. Da bazara yi wa rabin tankin rumfar zana. Da hunturu rufe shi da dare, ka rage abinci, ka bari sai hantsi ya dubi ludayi kafin ka ba su, gama cikin sanyi ba su narkar da abinci sosai.

Na bakwai, auna ka rubuta. Ma'aunin zafi da 'yar takardar gwada tsamin ruwa, wadda ya kamata ta nuna tsakanin 6.5 da 8.5, ba su kai kuɗin buhun abinci guda ba. In ba ka da su, kana da hannu da hanci da ido. Tsoma hannunka har gwiwar hannu: in tafinka ya ɓace tun ba ka kai nan ba, ruwan ya yi kauri. In ka ji wari, ko ka ga kumfa ba ta fashewa, ko kifi sun tsaya a miƙe cikin ruwa kamar taɓarya, ko gashin bakinsu ya fara cinyewa, to, sauya ruwa tun kafin ka nemi magani. Sami ɗan littafi ka riƙa sa kwanan wata, da abincin da ka bayar, da ruwan da ka sauya, da wanda ya mutu. Malaman ofis da 'yan kasuwa sun san amfanin wannan.

Ribar Ƙafa

Ruwan da ka zare kada ka sake shi kan hanya ya dami maƙwabta ya tara sauro. Taki ne. Ja shi zuwa 'yan kwamin alayyafo da yakuwa da tumatir, ko gindin ayaba. Abin da ya ke guba ga kifi abinci ne ga shuka.

Kiwon kifi ba baƙo ba ne a Arewa, tun 1951 aka fara gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato, a New Bussa kuma akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta tarayya. Wanda ya sami hali ya nemi shawarar malaman kifi na ma'aikatar gona kafin ya sa bulo na farko.

Shi kuwa dattijon namu, ran nan muka kwashe matattun muka binne, yaransa suka yi ta jido da kura har muka sauya rabin ruwan, muka hana abinci kwana biyu. Waɗanda suka tsira sun ɗara 400 kaɗan, daidai abin da tankin ke iya ɗauka tun asali. Da ya sayar da su bai mayar da kuɗin shanunsa ba, amma ya sami na sake zubi. Kwanan baya na bi ta gidan na tarar da shi tsugune bakin tanki, hannu cikin ruwa har gwiwa, jikansa yana riƙe da littafi. Na ce, "Baba, yaya kifi?" Ya ce, "Malam, ai ruwan za ka tambaya."

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gonarsa, ya sa albarka cikin abin da mu ke kiwo, amin.