Karan dawa a Anka, tuƙar rake a Birazil: abin da alƙaluma ke ɓoyewa

A shekarun 2010, ƙididdigar Hukumar Makamashi ta Duniya ta nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na makamashin da Najeriya ke amfani da shi daga itace, gawayi da ragowar amfanin gona yake fitowa. A Birazil, abin da tsirrai ke bayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Wanda ya tsaya nan sai ya ɗauka mun fi su cin moriyar tsiro. Lissafin murhu bai yarda da haka ba.

Kilo ɗaya na busasshen karan dawa ko na gero yana ɗauke da zafi kimanin megajul 15. Kilo ɗaya na iskar gas yana da 46. Manomin Anka ko Bukkuyum a Zamfara da ya samu tan ɗaya na dawa a hekta zai tashi da kara kamar tan 2, domin dawarmu doguwa ce. Megajul 30,000 ke nan, daidai da tukunyar gas mai kilo 12.5 sama da 50. Sai dai murhu mai duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 kawai yake isarwa gindin tukunya, sauran ya bi iska, ya bi idon mai girki. Murhun gas kuwa yana isar da rabi ko fiye. In aka yi wannan ragin, tukwane 50 ɗin sun koma 10 zuwa 15.

Birazil tana yanke rake fiye da tan miliyan 600 a shekara, kowane tan kuma yana barin tuƙa kimanin kilo 270. Tuƙar jiƙaƙƙiya ce, rabinta ruwa, don haka zafinta kusan rabin na karanmu ne. Abin da ya ba ta daraja shi ne tana taruwa wuri guda, a ƙofar masana'antar sukari, a ƙone ta cikin manyan tukwanen tururi masu juya injin lantarki. Masana'antar ta ci, ta sayar da rara. Kimanin kashi 8 na wutar ƙasar daga tsirrai take, mafi yawanta daga wannan tuƙa. Ba dare ɗaya aka kai nan ba: tun 1975 gwamnatinsu ta fara shirin tatsar man mota daga rake.

Namu karan kuwa a warwatse yake, gona gona, kuma masu jiransa da yawa. Shanu na ci, ana danga da rumfa da shi, ƙasa ma tana bukatar wanda zai ruɓe ya koma mata. Tun da shiga daji neman itace ya zama kasada a yammacin Zamfara, murhu ma ya ƙara matsa masa. Duk mai lissafa shi a matsayin shara bai taɓa sayen dami a tsakiyar rani ba. Kuma yawancinsa ba ya bi ta kan sikeli, shi ya sa alƙaluman ƙasa kiyasi ne, kuma itace ne ya rinjaye su.

A ganina, abin da ya fi kama da tuƙar Birazil a yankin shi ne ɓuntun shinkafa. Kashi 20 ne na nauyin shanshera, dabbobi ba su cika damuwa da shi ba, kuma da kansa yake taruwa a bayan injinan casa na Gummi. Injin da ke cashe tan 10 a rana yana zubar da ɓuntu tan 2, alhali da man dizal ake tayar da injin.