Ba Ƙudan Zuma Ne Ke Zubar Da Furen Kankana Ba

Masu tallar kankana a kusa da Masallacin Sultan Bello, a Unguwar Sarki ta Kaduna, sun saba da mai sayen da zai ɗauki ɗaya, ya jujjuya ta, ya ajiye, don gefe ɗaya ya cika, ɗayan kuwa ya shanye. Akan ɗora laifin a kan iri ko ƙarancin taki. A fadamu kuma akwai zancen da ya fi wannan ci mini rai: wai ƙudan zuma ne ke tsotse fure har ya bushe ya faɗi, saboda haka da an ga sun yi dafifi a kan shuka sai a goya tankin feshi.

Kankana da kabewa fure iri biyu suke yi a jiki ɗaya. Namijin ya fi yawa, shi ke fara fitowa, kuma ba ya 'ya'ya ko me aka zuba masa. Da safe zai buɗe, ya yamutse, ya faɗi. Shi ne manomi ke gani a ƙasa hankalinsa ya tashi. Macen kuwa, in ka durƙusa ka duba, za ka ga wani ɗan ƙullutu kore a gindinta. Kankanar ke nan tun tana jaririya. Wannan fure yini ɗaya tak yake buɗewa.

Garin furen namiji yana da nauyi da danƙo, iska ba ta kwasarsa yadda take kwasar na masara. Sai ƙwaro ya shiga, garin ya manne a gashin jikinsa, ya kai wa macen. Zuwa ɗaya ma ba ya isa, masana sun ce sai ƙudan zuma sun sauka a kan furen kamar sau takwas kafin kankana ta fito cikakkiya. In garin ya taɓa ɓangare ɗaya kawai, nan ne zai cika. In bai iso ba sam, ƙullutun ya yi rawaya ya zube. Mai feshi da hantsi, lokacin da fure ke buɗe, daidai yake da wanda ya kori ɗan aiken da ya kawo masa kuɗinsa.

Gero da dawa da shinkafa ba ruwansu da wannan. Amma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in amfanin gonar da ake ci suna buƙatar masu barbarar fure ko yaya ne. A nan gida akwai kaɗanya da riɗi da auduga. Mangwaron da ke inuwantar da gidajen Kaduna har ƙudaje na yi masa wannan aiki, ɗorawa kuwa jemagu ke bi da dare.

A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni saboda rayukan mutane, kuma ta kyauta. Sai dai lokacin da ya dace a yi feshi, wa ke gaya wa manomi? Malamin gona ya yi wuyar gani, shawara ta koma hannun mai shagon magani, wanda cinikinsa ke ƙaruwa da yawan feshi. Jawaban da ake yi duk ranar 20 ga Mayu, Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya, ba sa isa fadama. Abin da ya kamata ya isa can bai da tsawo: in feshin ya zama dole a lokacin fure, a bari sai da yamma liƙis, bayan furen ya rufe, ƙudan zuma sun koma amya.