Tsofaffin Baburan Ingila: A Sare Su, A Adana Su, Ko A Bar Wa 'Yan Gwangwan?

Duk wanda ya tsaya a bakin Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Guga da hantsi, ya ƙirga baburan da ke shiga birnin Katsina, da ƙyar ya ga ɗaya wanda ba ƙirar Indiya ba ne ko ta Sin ko ta Japan. Amma dattawan da suka yi aikin En'e suna tune da wani zamani da in an ce babur, to, na Ingila ake nufi: baƙi, mai nauyi, mai ƙugi kamar aradu, wanda kuma duk inda aka ajiye shi sai ya bar shaidar baƙin mai a ƙasa. Sunayensu su ne BSA da Triumph da Norton da Royal Enfield da Matchless.

A zamanin Turawa kusan duk kayan ƙarfe daga Ingila ake kawo su ta hannun manyan kamfanoni irin su UAC da John Holt. Jirgin ƙasa ya sauke su a Kano, sa'an nan motoci su ɗauko su zuwa Katsina. Keken Raleigh shi ne abin hawan malamin makaranta da akawu, babur kuwa sai wanda ya ɗan taka wani matsayi, ko ɗan sanda mai rakiyar manya. Yau waɗannan babura sun ɓace daga tituna. 'Yan ƙalilan da suka rage a ƙasar nan suna jingine a zauruka da bayan gareji, tsatsa tana cin su, masu sayen tsohon ƙarfe suna zawarcinsu da farashin kilo. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa irin wannan gangar jiki ce ake nema ido rufe, wasu don su mayar da ita sabuwa fil, wasu kuma don su sare ta su ƙera wani sabon abu da ita.

Tashe da faɗuwa

Kamfanin BSA na birnin Birmingham ya fara ne da ƙera bindigogi a 1861, bai shiga harkar babur sosai ba sai a 1910. Triumph kuwa ya fitar da babur ɗinsa na farko a Coventry a 1902. A 1937 injiniyan Triumph, Edward Turner, ya fito da inji mai silinda biyu a jere da juna, wanda sauran kamfanonin Ingila suka yi ta kwaikwayo shekara da shekaru. A 1951 BSA ya sayi Triumph, ya zama kuma a cikin shekarun 1950 babu kamfanin babur a duniya da ya kai shi girma. A 1959 aka fitar da Triumph Bonneville mai ƙarfin cc 650, aka sa masa sunan wani filin gishiri na Jihar Utah ta Amurka, inda wani babur mai injin Triumph ya yi gudun mil 214 a awa a 1956.

Sai dai kowane tashe da lokacinsa. Kamfanonin Ingila sun yi sake, suka ci gaba da aiki da tsofaffin na'urori da tsohuwar ƙira, har Japanawa suka cim musu. A 1969 Honda ya fito da CB750, mai silinda huɗu, wanda ake tayarwa da maɓalli, ba ya kuma yoyon mai. Cikin shekara huɗu BSA ya durƙushe. Ma'aikatan Triumph na masana'antar Meriden suka ƙi fita a 1973 da aka ce za a rufe ta, suka mayar da ita ƙungiyar haɗa kai a 1975, suka yi ta fama har 1983 sa'ad da ta rufe ɗungum.

A nan gida ma haka abin ya kasance. Ƙarin albashin Udoji, wanda kuɗinsa suka shiga hannun ma'aikata a 1975, ya sa mutane da yawa suka sayi abin hawa, amma Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa suka saya. Daga baya Jincheng ya zo daga Sin, sa'an nan Bajaj da TVS daga Indiya. Da kayan gyaran baburan Ingila suka yi wuya, sai masu su suka jingine su ɗaya bayan ɗaya.

Asalin sarar babur

Al'adar sarar babur a Amurka ta samo asali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samari da yawa, cikinsu har da sojojin da aka sallama, suka riƙa sayen tsofaffin babura da araha suna cire duk abin da ba dole ba ne, don a rage nauyi a ƙara gudu. A cikin shekarun 1960, musamman a Jihar Kaliforniya, abin ya wuce cire kaya ya kai ga yanka firam ɗin kansa da sake yi masa walda. Daga kalmarsu ta sara aka raɗa wa irin wannan babur suna Cofa. Fim ɗin Easy Rider na 1969 shi ya baza shi a duniya. Baburan da aka hau a cikinsa Harley-Davidson ne, kuma wasu baƙaƙen fata biyu na Los Angeles, Cliff Vaughs da Ben Hardy, su ne suka tsara su suka ƙera, ko da yake an daɗe ba a ambatar sunansu.

Da yake Harley yana da tsada, masu ƙaramin ƙarfi sai suka koma ga Triumph da BSA, waɗanda Amurka ta shigo da su jibgi. Injinsu bai kai na Harley nauyi ba, ga shi siriri, ga kyan gani idan an wanke an goge. Saboda haka dubban baburan Ingila suka ƙare a ƙarƙashin zarto.

Yadda ake aikin

Maƙerin Cofa yakan fara da kwance babur ɗin kaf, ya ware inji gefe guda. Daga nan sai ya cire sashen baya mai sifirin, ya maye gurbinsa da ƙarfe sandararre, wanda yakan ƙara wa babur tsawo ya kuma sa shi ya yi ƙasa-ƙasa. Tsofaffin Triumph sun dace da wannan domin sashen bayansu da noti aka ɗaure shi, ana iya kwance shi ba tare da yanka ba. Waɗanda aka ƙera daga 1971 kuwa, da ake zuba baƙin mai a cikin bututun firam, sun fi ba da wahala, sai an sare su an kuma yi musu tankin mai dabam.

Mataki na biyu shi ne wuyan babur, watau inda hannu da ƙafafun gaba suke juyawa. A babur na kamfani wuyan nan yakan karkata kamar digiri 27 zuwa 30 daga tsaye. Maƙeri yakan yanka shi ya ƙara karkatar da shi zuwa digiri 40 ko fiye, sa'an nan ya sa dogayen ƙafafu, tayar gaba ta miƙe can nesa. Sai ƙaramin tanki, da sirdi na mutum ɗaya, da hannu mai tsawo, da siririyar taya a gaba.

A nan ne lissafi yake shiga, kuma nan ne ɗalibin fasaha ya kamata ya buɗe ido. Idan aka ja layi daga wuyan babur har ƙasa, zai sauka a gaban wurin da taya ta taɓa ƙasa. Tazarar da ke tsakani, wadda a yawancin babura ba ta wuce kamar inci huɗu ba, ita ce take sa babur ya riƙe hanya da kansa. In ta yi yawa, hannu ya yi nauyi, babur ya ƙi shan kwana. In ta yi kaɗan, hannu ya kama rawa a cikin gudu, ya kayar da mahayi. Haka kuma dogayen ƙafafu suna ƙara nauyin da ke faɗa wa wuyan, ta yadda walda marar kyau a wannan wuri tana iya zama ajalin mutum. Babur marar sifirin a baya kuwa, wanda aka yi don shimfiɗaɗɗun titunan Kaliforniya, ba zai yi wa bayan mutum daɗi ba a hanyar ƙauye mai gargada.

Halin injin Ingila

Bakaniken da ya saba da Bajaj, ranar da ya fara taɓa tsohon BSA zai ga abin mamaki. Da fari dai sifanarsa ba za ta kama notin ba, domin Ingilishi suna da nasu awon na Whitworth, wanda ya bambanta da na milimita. Wanda ya matsa da ƙarfi sai ya cinye kan noti ko ya lalata zarensa, alhali kuwa samun wani sai an tona. Na biyu, giya a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, akasin abin da kowa ya saba da shi yau. Sai wajen 1975 Triumph ya juya su don bin dokar Amurka. Na uku, wayoyin wuta na kamfanin Lucas a juye suke: ɓangaren batir mai alamar tarawa shi ake haɗawa da jikin babur. Wanda ya haɗa yadda ya saba sai ya ƙona kayan wuta. Yoyon mai kuwa yana da dalili: gidan injin a tsaye aka raba shi biyu, saboda haka mahaɗin ya ratsa ta ƙasa inda mai yake taruwa.

Sarar Katsina

Cofa irin ta Amurka ba al'adar ƙasar Hausa ba ce, amma sarar babur ba baƙuwa ba ce ga kanikawa da masu walda na Katsina. Bambancin shi ne, can don ado ake yi, nan kuwa don neman abinci. Tun da acaɓa ta zama sana'a bayan tsananin tattalin arzikin da ya biyo shirin SAP na 1986, ake ƙara wa sirdi tsawo, ana ƙarfafa kariya don ɗaukar buhun hatsi ko jarkokin ruwa, ana ƙara sifirin a baya. Mafi amfani duka shi ne babur mai ƙafa uku da ake ƙera wa guragu, inda ake ƙara tayoyi a gefe a kuma mayar da giya da birki hannu. Wannan aiki ne na tsara sabon firam, daidai da na maƙerin Cofa, sai dai galibi da ido ake auna shi.

Babur kuma ya shiga cikin sha'anin tsaro. A ƙarshen Agusta 1961 babu wanda zai yi tunanin haka, amma shekara sittin daga baya, a 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta kuma hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Caranci, saboda 'yan bindiga da ke hawansu. Wannan ya nuna muhimmancin lambar inji da ta firam. Duk wanda zai yanka firam, wajibi ne ya kiyaye lambar da ke jiki da takardun mallaka, in ba haka ba ya jawo wa kansa tuhuma.

A sare ko a adana?

Ko a Ingila ana jayayya a kan wannan. Masu tara kayan tarihi suna ganin yanka lafiyayyen Bonneville ɓarna ce, musamman wanda lambar injinsa da ta firam suka zo ɗaya, domin shi ya fi daraja a kasuwa. Gidan adana babura na ƙasa da ke kusa da Birmingham, wanda aka buɗe a 1984, ya yi gobara a 2003 wadda ta lalata ɗaruruwan babura, aka kuma kashe kuɗi mai yawa wajen farfaɗo da su. Maƙera kuwa suna cewa babur da ke tafiya a titi, ko da an sauya masa kama, ya fi wanda ke ruɓewa a kango. Matsakaicin ra'ayi shi ne a adana cikakke, a yi sara da wanda ya riga ya lalace.

Wani abin lura shi ne yadda duniya ta juya. Royal Enfield, wanda aka fara haɗawa a Madras a 1955, yanzu na Indiya ne gaba ɗaya. Rukunin Mahindra ya sayi sunan BSA a 2016, TVS ya sayi Norton a 2020, Bajaj kuma tun 2023 yake ƙera wa Triumph ƙananan babura. Watau waɗanda jiya suke haɗa kayan wasu, yau su ne masu gida. Da gyara da kwaikwayo suka fara.

Darasin a fili yake. Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina da makarantun koyon sana'a na jihar za su iya samun tsohon inji guda ko biyu su koyar da awon firam da walda mai inganci a kansu, su kuma jawo kanikawan gari su haɗa basirar hannu da lissafi. Gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina ba zai rasa kusurwar da zai ajiye babur ɗin tsohon ma'aikacin En'e ba. Magada kuma, kafin su miƙa abin da ke jingine a zaure ga mai sikeli, ya kamata su share ƙurar da ke kan tanki su karanta sunan. Ƙarfen da ya shiga tukunyar narkarwa ba ya dawowa.