Igiyar Hamata Bayan Tiyatar Mama: A Daina Kiran Wanzami

Na gaji da jin maganar nan a wurin dubiya: "Ai mun faɗa, daji ba ya son wuƙa, ga shi ya bi jijiya ya gangara hannu." Kwanan baya na je gaishe da wata gwaggona da aka cire wa mama saboda sankara. Mako uku da aikin, ɗaurin ɗankwali ya gagare ta. Da ta miƙa hannun gefe, sai ga wani abu ya ɗame ƙarƙashin fata kamar tsarkiyar baka, daga hamata har gwiwar hannu. Kafin in zauna har an aika yaro ya kira wanzami.

Jama'a, wannan igiya ba dajin ba ce. Lokacin tiyata likita kan cire kaluluwar hamata don a duba ko cutar ta kai can. Ƙananan hanyoyin ruwan jiki da ke bi ta wurin sukan taurare su ƙandare, shi ne igiyar. Galibi tana fitowa tsakanin mako 2 zuwa 8 bayan aiki, wani lokaci bayan watanni, kuma takan kai har wuyan hannu. A 2001 wasu likitoci a Amurka suka raɗa mata suna. Ba kuskuren ɗinki ba ne, ba kuma sammu ba.

To me aska za ta yi a nan? Hannun da aka cire wa kaluluwa ya rasa wani ɓangare na masu gadinsa. Tsaga, ƙaho ko sakiya a irin wannan hannu buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne, kuma hakan na iya jawo kumburin da zai zauna wa mutum har ƙarshen rayuwa. An je neman ƙiba, an samo rama. Su kuma masu tausayin da ke cewa "Gwaggo, kar ki motsa shi," suna naɗe mata hannu a cikin mayafi, su sani daskarar da kafaɗa suke yi. Ga shi in lokacin gashin na'ura ya zo, dole ta kwanta hannu a sama da kai. In bai ɗagu ba, magani ya jinkirta.

Maganin igiyar motsi ne. In ke ce ke fama da ita, ki koma asibitin da aka yi miki aiki ki nemi a tura ki sashen fisiyo. In likita ya amince, ki fuskanci bango ki riƙa hawa da yatsu a hankali, sai kin ji ɗamewa ki tsaya, ki yi alama da alli, gobe ki ɗan wuce ta. Kullum ake yi, sau da yawa, ba da ƙarfin tsiya ba. Ɗumi na taimakawa, amma ki gwada tsumman ɗumin a lafiyayyen hannu tukuna, don fatar hamata kan mutu bayan aiki, sai ki ƙone ba ki ji ba. Wata rana a tsakiyar miƙewa za ki iya jin igiyar ta yi ɗas, hannu ya saki. Kar ki tsorata.

Amma in wurin ya yi ja da zafi, ko zazzaɓi ya shigo, ko hannu ya kumbura, ko kin ji sabon ƙullutu, ranar za ki tafi asibiti.

Gwaggo dai mun sallami wanzami da kuɗin mota. Yanzu da kanta take ɗaura ɗankwalinta.