Madatsar Ruwa Ta Tiga: Wa Ya Biya, Wa Ya Ci Moriya?

Duk wanda ya baro birnin Kano ya nufi kudu, tafiyar kamar kilomita 70, ya hau kan bangon madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, to, zai ga abin da baki ba ya iya kwatantawa sosai. Bango ne na ƙasa da duwatsu, tsawonsa wajen kilomita 6, tsayinsa mita 48, ya tare Kogin Kano ya mai da shi tafki mai faɗin murabba'in kilomita 178 in ya cika. Lokacin da aka gama shi an ƙiyasta zai riƙe ruwa kusan mita miliyan 1,974 na awon cikin tafki. Masu kwalekwale na jefa koma, Fulani na shayar da shanu a gefe, yara na wanka, mafi yawansu kuwa ba su san akwai gidaje da gonaki da makabartu a ƙarƙashin ruwan nan ba.

Yanzu shekara hamsin ke nan da 'yan kai da kammala wannan aiki. Ya isa a zauna a buɗe littafin lissafi, a ga abin da aka kashe da abin da aka samu, a kuma ga wanda ya ɗauki nauyi da wanda ya ci moriya.

An kafa Jihar Kano a 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Bako ya zama Gwamnanta na farko, ya riƙe ta har 1975. Mutum ne da ya sa wa ransa cewa ruwan daminar da ke wucewa a banza shi ne arzikin jihar. Aka fara da ƙaramar madatsa ta Bagauda, ita ma a ƙasar Bebeji, a 1970. Sa'an nan aka shiga aikin Tiga daga 1971 zuwa 1974. Abu biyu suka haɗu suka tura aikin gaba. Na farko shi ne farin da ya auka wa ƙasashen Sahel daga 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ya kori mutane daga gidajensu. Na biyu kuwa tashin farashin man fetur a ƙarshen 1973, wanda ya cika baitulmalin Tarayya da kuɗin da ba a taɓa gani ba. Ga tsoron yunwa, ga kuɗi a hannu, ga kuma mulkin soja wanda ba shi da majalisar da za ta tsai da shi ta yi tambaya.

Lalle duk mai adalci ba zai ce an yi asarar kuɗin ba. Daga Tiga aka ja babban magudani ya bi ta Ruwan Kanya ya gangara arewa zuwa filayen Kadawa, inda wani kamfanin Holan mai suna NEDECO ya tsara shirin noman rani na Kogin Kano, aka yi niyyar kashin farko ya kai kadada 22,000. Kyawun tsarin shi ne ba a bukatar inji ya tura ruwan, gangare ne kawai ke kai shi gona. Albarkacinsa ne Kura ta zama cibiyar shinkafa da masu casa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar da manyan motoci ke lodin kwandunan tumatir zuwa Ikko. Samarin da dā suke tafiya cin rani da zarar an gama girbi, da yawa sun sami abin yi a gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ya raina shi bai san yunwa ba.

Amma fa akwai shafin da ba a cika karantawa ba a wurin bikin buɗe ayyuka. Dubban mutane ne aka tasa daga ƙauyukansu domin ruwa ya sami wurin zama, kuma gonakin da suka rasa na bakin kogi ne, watau fadamu, waɗanda suka fi kowace ƙasa albarka. Aka mai da su tudu. Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, wadda ke aiki a lokacin, ta sa ƙasa duka a hannun hukuma, manomi yana da iznin amfani ne kawai. Saboda haka in gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da take biya ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ita ƙasar kanta ba a saye ta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta zo ta ƙara ɗaure wannan, ta danƙa ƙasar kowace jiha ga Gwamnanta a matsayin amana. To, mai karatu ya auna: an biya mutum kuɗin ɗorawa da kuka da ɗakin jinka sau ɗaya, kuɗin ya ƙare kafin shekara ta zagayo, gonar da za ta ci da jikokinsa kuwa ta tafi ke nan har abada.

A Tiga abin ya wuce da gunaguni. A Bakolori ta tsohuwar Jihar Sakkwato, inda aka yi irin wannan aiki, bai wuce haka ba. Manoma sun tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka masu yawa, a ƙarƙashin gwamnatin farar hula kuwa. Ya kamata kowane ɗalibi mai burin aikin gwamnati ya san wannan labari kafin a miƙa masa fayil ɗin karɓar ƙasa.

Sai kuma maganar inda ruwan ya fito da inda ya nufa. Kogin Kano daga tsaunukan kudu yake gangarowa, ta ƙasar Doguwa da dajin Falgore, ya ratso ƙasar Tudun Wada kafin bango ya tare shi a Tiga. Da yake ruwa ba ya hawa tudu, gonakin da magudanin ke shayarwa suna can arewa ne, a Bunkure da Kura da Garun Malam. Manomin Ƙofa ko na Ƙiru ko na Tudun Wada, wanda tafkin ke kusa da shi, in yana son noman rani sai ya nemi injin ban-ruwa da kuɗinsa, ya sayi mai da kuɗinsa. Ba laifin injiniya ba ne, haka Allah ya shimfiɗa ƙasar. Laifin masu tsara kasafi ne da ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin bashin da ake bin gwamnati ba.

A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya kwarin koguna guda 11, madatsar Tiga da filayen Kadawa suka koma hannun Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are. Jiha ta gina, Tarayya ta karɓa. Daga nan aka shiga halin da duk ma'aikacin gwamnati ya sani: kuɗin sabon aiki yana da sauƙin samu, domin akwai kwangila da allon suna da bikin yanke ƙyalle, amma kuɗin yashe magudani da gyaran ƙofofin ruwa ba shi da mai tsaya masa. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, shi aka fara yankewa. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta tafi da gidaje da gonaki. A 1992 aka rage tsayin mazubar Tiga don a sauƙaƙa wa bangon nauyi, abin da ya rage ruwan da take iya riƙewa. Daga baya, a 2014, sai da Nijeriya ta ciwo bashin dala miliyan 495 daga Bankin Duniya, a shirin da ake kira TRIMING, don gyara manyan filayen noman rani na Arewa, har da na Kadawa. Watau abin da aka gina da kuɗin mai, da bashi aka gyara shi.

Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, akwai masu nasu kukan. Kafin a tare kogin, ambaliyar kowace shekara ce ke ci da masu shinkafa da masunta da makiyaya. Tiga, da madatsar Challawa da aka gama a 1992, sun rage ambaliyar. Bugu da ƙari, kogin da dā yake ƙafewa da rani ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, wannan kuwa shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama mafakar jan baki.

Wannan ya kawo mu ga sabon babi, watau wutar lantarki. Tun da aka gina Tiga ake maganar sa mata injin wuta, amma sai a 2013, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, aka ba da kwangilar tashoshi biyu a Tiga da Challawa, a kan kuɗi sama da Naira biliyan 14, da niyyar samun megawat 35. Daga baya aka rage buri, Tiga ta tsaya a megawat 10, Challawa a 6. Sai wajen ƙarshen mulkin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya sauka a 2023, aka kai ga gwada injinan Tiga. Shekara goma ke nan a kan tashar da ba ta kai kashi biyu cikin ɗari na Kainji ba, wadda aka sa wa injinan megawat 760.

Duk da haka ba a raina ta. An tsara wutar ne don matatar ruwan sha ta Tamburawa da fitilun titunan birni, kuma duk wanda ya san kuɗin man dizal da tura ruwan famfo ke ci zai ce dabara ce mai kyau. Ita doka ma ta sauya. A watan Maris na 2023 aka gyara Tsarin Mulki, a watan Yuni aka sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki, jihohi suka sami ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu, abin da dā aka ƙuntata musu.

Sai dai injin wuta ba ya juyawa sai an saki ruwa. Ƙarfinsa ya dogara ne da yawan ruwan da ke bi ta bututu da kuma nisan da yake faɗowa. Mai fitila yana son a saki ruwa dare da rana duk shekara. Manomin Kadawa yana son a adana shi don watannin rani. Mutumin Haɗeja yana son a sake shi da yawa lokaci guda kamar ambaliya, sa'an nan a rufe kogin ya bushe don kacala ta mutu. Tashar ta jiha ce, makullin ƙofar ruwan kuwa yana hannun hukumar Tarayya. A shekarar da damina ta gaza, wa za a fara hanawa? Gara a amsa wannan tambaya a rubuce tun tafkin yana cike.

Abin mamaki, fasahar da ta fi isa ga manomin kudancin Kano ba babba ba ce. Ƙaramin injin ban-ruwa ne da rijiyar burtsatse ta fadama, waɗanda hukumar KNARDA ta yaɗa tun shekarun 1980. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mai ya ninka, masu hali suka fara komawa ga injin mai aiki da hasken rana, wanda in an saya an huta da sayen mai, amma kuɗin sayensa ya fi ƙarfin mai kadada ɗaya. A ganina nan ne kuɗin gwamnati zai fi yin aiki a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa: rance mai sauƙi ta hannun ƙungiyoyin manoma, da horar da samari gyaran injinan a garuruwansu.

Kafin nan, akwai abu uku da wakilan waɗannan ƙananan hukumomi huɗu a Majalisar Dokokin Jiha suke da ikon nema a ajiye a gaban majalisa: jimlar kuɗin da tashar Tiga ta ci daga 2013, yawan sa'o'in da injinanta suka yi suna juyawa a kowane wata, da kuma megawat nawa daga cikin goman aka keɓe wa garuruwan da ke bakin tafkin.