Tozalin Jarirai da Gubar Dalma

A gidajenmu na Nima da Maamobi, da wuya a yi sunan jariri ba a rambaɗa masa tozali ba. Sai dai dutsen da ake niƙawa, sau da yawa ma'adinin dalma ne.

A shekarar 2011, likitoci a Boston ta Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida. Da aka auna tozalinsa, wanda aka kawo daga Nijeriya, fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce.

Yaro kan murza ido ya kai hannu baki. Gubar tana taruwa sannu a hankali, ta dakushe ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama ba. Akan same ta har cikin wasu garin magungunan gargajiya.

Iyaye, a daina sa wa jarirai tozali. Wanda aka riga aka sa wa, a kai shi asibiti a gwada jininsa.